Mu Ƙaddara Wani Magini

A Agadez aka fara cin amanarmu, kuma ba Buzu ba ne, ba Balarabe ba, Bahaushe ne ɗan'uwanmu mai tabon salla a goshi. Ya rantse mana mota za ta kai mu Tamanrasat a zaune, da ruwa da rumfa. Da motar ta zo sai ga akori-kura, aka loda mu kamar buhunan albasa, kowa ya maƙale sanda tsakanin cinyoyinsa don kada ya faɗo. Na buɗe baki zan wanke mutumin nan tas, Yaya Bala ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗanlami, adana yawunka, za ka neme shi a gaba."

Haka Yaya yake. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ni abu kaɗan ke tunzura ni, shi kuwa ko ƙafarsa ka taka shi zai ba ka haƙuri. Magini ne. Ni tela ne a unguwar Wunti a Bauchi, sai da rashin wuta da tsadar zare suka sa keken ɗinkina ya koma wurin ajiye buta, na ce zan bi shi Aljeriya in yi masa leburanci. Yana da ciwon suga. Matarsa Asabe amana ɗaya ta ba ni: in tabbata ya ci abinci a kan lokaci, ya sha maganinsa.

A Tamanrasat mun kwana a busasshen rafi tare da mutanen da ban taɓa jin sunan ƙasashensu ba. Mun yi wa wani mutum katanga, da muka gama ya ce ta karkace, ya sakar mana kare. Katangar Yaya Bala ta karkace! Wallahi ranar na yi kuka, kuma ba don yunwa ba. A Gardaya wani tsoho mai shago ya ga Yaya yana rawar jiki a bakin titi, bai tambaye mu komai ba, ya kawo dabino da madara ya tsaya a kansa har ya dawo hayyacinsa. Ban san sunansa ba, amma har gobe yana cikin addu'ata.

Daga nan sai Wahran, bakin teku. Muka samu aiki a wani dogon bene da ake ginawa, a nan muke aiki, a nan muke kwana a kan kwali. Garin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba, sai dai kyansa ba namu ba ne. In ka shiga mota, wanda ke kusa da kai sai ya ja hancin rigarsa. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. A Wunti tun da sassafe masu keke da 'yan acaɓa sun cika maka kunne, mai masa tana yi maka tsiya kana ramawa. A nan sai in wuni ban yi wa kowa tsiya ba, har na ji bakina yana tsami.

Ranar da abin ya faru, burodi aka aike ni saye. Yaya ne ma ya aike ni, don lokacin cin abincinsa ya yi. Ina dawowa da burodin nan nasu dogo kamar sanda a hammata, na hango motocin masu kamen baƙi a ƙofar ginin. Na laɓe bayan wata motar yashi. A kan idona aka fito da abokan aikinmu a jere, Yaya yana tsakiya, siminti har gwiwar hannu. Bai waiwaya ba, kuma na san don kada ya tona inda nake ne. Da suka tafi na hau sama, na tarar da jakarsa a rataye a ƙusa. Wayarsa tana ciki. Maganinsa ma yana ciki.

Kowa a wurin ya san abin da ke biyo baya. A kwashe mutane a manyan motoci a yi kudu da su, a sauke su a cikin sahara kusa da iyaka, a nuna musu da yatsa a ce ga Nijar can, su taka da ƙafa zuwa wani ƙauye, Asamaka. Mai lafiya ma yana isa ne da kyar.

Na kira duk lambar da aka ba ni. Wani ya ce yana da mutum a iyaka, ya karɓe abin da na tara, ya kashe waya. Asabe kuwa kullum sai ta kira. Da can tsakanina da ita wasa ne, "maigida ƙarami" take ce min, in ce mata miyarta ba gishiri. Yanzu ba wasa. "Ɗanlami, ka ji wani abu game da Yayanka?" In ce tukuna. Sai in ji kukan 'yarsu Ummi a bayanta, sannan ta ce, "To, Allah ya ji da mu."

A cikin wannan hali na haɗu da Rifkatu. A kasuwa ne, na ji wata mata tana jujjuya tumatir tana cewa, "Kai, wannan mata ya cika tsada!" Na tsaya cak. Hausar gida ce, irin wadda ba ruwanta da mace ko namiji, wadda na saba ji a Yelwa. Na ce, "Baiwar Allah, daga Bauchi?" Ta saki tumatir ta riƙe baki. 'Yar Bogoro ce, ta yi shekaru tana sayar da abinci ga ɗalibai a Yelwa kafin ta fito aikatau. Ranar ta kai ni bayan gidan da take aiki, ta tuƙa min tuwo da garin alkamarsu, ta kaɗa miyar kuka daga 'yar ragowar da take ɓoyo tun daga gida. Ina ci ina hawaye, tana cewa, "Ci, ɗan garinmu, kuka ba ya hana loma."

Uwar ɗakinta wata tsohuwa ce, kowa Hajja yake ce mata. Na lura mata suna ta shiga suna fita, wasu da fara'a, wasu da jan ido. Na tambaya. Rifkatu ta taɓe baki ta ce duba take yi da karta. "Ni ba ruwana. A cocinmu ma an hana. Shayi kawai nake kai musu."

Na koma wurin kwanana, maganar ta ƙi barina. Ni ba jahili ba ne, na yi Islamiyya. Na san wanda ya je wurin mai duba ya yi tambaya, sallarsa ta kwana arba'in tana cikin hatsari. Kuma a lokacin ba abin da na mallaka sai sallar, a cikinta nake roƙa wa Yaya. In na zubar da ita, me ya rage masa? Amma rashin sani yana cina kamar gara. Sai shaiɗan ya kawo min wata dabara, na karɓa hannu biyu. Na tuna malaminmu in yana koya mana rabon gado yakan ce, "Mu ƙaddara mutum ya mutu ya bar mata da 'ya'ya uku." Ai ba wanda ya mutu. Misali ne. To, in na tambayi tsohuwar nan a kan misali, ban ambaci Yaya ba, ban nemi gaibun kowa ba, ina laifina? Har wani daɗi na ji, wai ni mai wayo.

Ɗakin Hajja ƙarami ne, yana ƙamshin turaren wuta da na'ana'a. Ta fito da kartar daga cikin wani jan ƙyalle. Ba irin wadda samari ke bugawa a tashar mota ba ce, wannan da hotuna: takubba, kofuna, kulake, tsabar zinare, sarki, da wani mai doki. Duk gefensu ya yi baƙi don shafa. Rifkatu ta tsuguna a tsakaninmu tana fassara.

"Ya ce ka faɗi sunan mutumin da sunan uwarsa."

Na ce, "Babu suna. Ki ce mata misali ne. Mu ƙaddara wani magini, mai ciwon suga, an ajiye shi a sahara ba magani. Zai kai gari?"

Rifkatu ta kalle ni sheƙeƙe, ta fassara. Tsohuwar ta yi dariya har na ga dasashinta, ta ɗaga kafaɗa, ta gauraya kartar ta miƙo min in raba da hannun hagu. Ta jera su a kan tabarma. Ta ɗora yatsa a kan mai dokin, sannan a kan wani kofi.

"Wai mutumin ya sha wuya, amma akwai ruwa a gabansa. Ya kai."

Wayyo Allah! Ji na yi kamar an sauke min buhun siminti daga ka. Na fito ina gaida mutanen da ban sani ba. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari.

Daɗin bai kwana biyu ba. In ya kai, me ya hana shi kira? Na koma. "Mu ƙaddara maginin nan ya kai, amma shiru." Aka jera karta: ba shi da waya, yana cikin taron mutane, yana jiran mota. Na sake komawa. Mu ƙaddara ciwon ya tashi a can. Mu ƙaddara wani ya ba shi dabino. Mu ƙaddara ya bi wata hanya daban. Duk inda na juya maginin nan, Hajja tana da inda za ta ajiye shi lafiya. Na zama kamar mai shan ƙwaya, in na kwana biyu ban ji "mu ƙaddara" ta fito daga bakina ba sai jikina ya hau ɓari. Kuma ina idar da salla ina ce wa kaina ai ban tambayi komai ba.

Wata rana Asabe ta kira tana kuka sosai, ta ce ta yi mummunan mafarki. Tausayi ya kama ni, na yi mata saƙon murya. Allah ne shaidata, yadda abin yake na faɗa: akwai wata tsohuwa mai duba, na yi mata tambaya a kan misali, ta ce mutum irin wannan yakan kai. Abin da na ce ke nan. Amma wanda ke cikin ƙishi ba ya jin "misali". Asabe ta gaya wa yayarta an duba an ce ya kai. Yayar ta gaya wa maƙwabta an ce ya kai. Kafin maganar ta isa Zungur wurin Innarmu, ta zama an ga Bala da ido a Agadez.

Kawu Sale ne ya kira ni, ƙanin Inna. Ashe ya riga ya haɗa jaka zai tafi Nijar ya bi sansani-sansani yana cigiya. "Alhamdu lillahi, Ɗanlami! Ka hutar da ni, na kwance kaya. Ga Innarku, tun safe take rabon masa sadaka." Na ce, "Kawu, tsaya, ba haka..." Sai muryar Inna. Ba ta iya magana ma, hamdala kawai take jerawa tana shessheƙa, tana sa min albarka. Na ce amin, amin, har katin ya ƙare.

Na ruga gidan Hajja. Rifkatu ta tare ni a bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu.

"Ɗan garinmu, yau ba zan fassara ba. Na gaji."

"Anti Rifkatu, don girman Allah, tambaya ɗaya."

"Ka san abin da yake faɗa in ka fita? Ya ce mutumin da ba shi da suna ba ya mutuwa a karta. Kai ka gina shi, duk inda ka so nan zai je. Tausayinka yake ji, shi ya sa ko sisi ba ya karɓa. Kai wa kake yi wa wayo? Allah, ko kanka?"

Raina ya ɓaci, don gaskiya ta faɗa. Na ture ta na shiga. Na zauna a gaban tsohuwar, na ce to, a bar misali. Sallar ma ta tafi, na yarda. Na faɗi sunan Yaya, na faɗi sunan Inna, sunan da ban taɓa furtawa da bakina ba tun da aka haife ni. Na ce, "Yana raye ko ya mutu?"

Hajja tana riƙe da kartar. Ba ta gauraya ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta mayar da ita cikin jan ƙyallen ta ƙulle. Ta yi magana a hankali, Rifkatu ta fassara daga bakin ƙofa.

"Wai wancan na wasa ne, ya iya yi maka wasa da shi. Wannan yana da uwa. Ba zai taɓa ba."

Na yi ihu. Na ce mata maƙaryaciya, na ce ta cuce ni, na yi ƙafa da tiren shayi, kofuna suka tarwatse. Ba ta ko motsa ba. Rifkatu ta ja ni waje da ƙarfin da ban san tana da shi ba, ta zaunar da ni a kan dakali har na gama haki. Sannan ta ce, "Takarda bai taɓa zuwa sahara ba. In kana son sani, ka tambayi wanda ya je."

Hanya ɗaya ce ke kai mutum daidai inda aka ajiye Yaya. Na ba Rifkatu 'yan kayana, na ɗaura jakar Yaya a ƙugu a ƙarƙashin riga, na je na tsaya a shataletalen da aka fi kame. Ka ji ikon Allah: ni da na shekara ina gudun mutanen nan, yau ina nemansu sun ƙi zuwa. Na yi ta zarya a wurin kamar mai tallan goro. Da suka zo kuwa, kowa ya watse, ni na nufe su da hannuwa a sama. Har wanda ya kama ni sai da ya dube ni sau biyu.

Tafiyar kudu ba zan iya ba da labarinta duka ba. An karɓe wayoyinmu. Da gari ya waye aka sauke mu a wani fili da ba itace ba dutse, aka nuna mana wajen Nijar da yatsa, motocin suka juya. Muka fara takawa. Mutane suna kallon gabansu, ni ƙasa nake kallo. Hanyar cike take da abin da mutane suka yar: takalmi wari ɗaya, gorar ruwa, ɗankwali, wandon yaro. Duk takalmin da na gani sai na juya shi da ƙafa. Rana ta taso ta tsaya a tsakiyar kaina, leɓena ya tsage, na tuna mutumin da ke rawar jiki in abinci ya yi jinkiri kaɗan. A nan na daina ƙaddara komai.

A Asamaka mutane sun yi dafifi a ƙarƙashin rumfuna, wasu sun yi watanni suna jiran motar da za ta kai su gaba. Na sha ruwa, na miƙe, na bi rumfa-rumfa. Wannan karon da suna nake tambaya. Bala, magini, ɗan Bauchi, dogo, mai wushirya. Wasu su girgiza kai, wasu ba su ma ɗago ba. Sai a wata rumfa ta 'yan Najeriya wani mutumin Gombe, ƙafarsa a naɗe da tsumma, ya tashi zaune.

"Kai ne Ɗanlami?"

Na tsuguna a gabansa na ce ni ne.

"Tare aka sauke mu. Tun a mota jikinsa ke rawa. Mu biyu muka riƙe shi, ni da wani ɗan Mali. Yana ta ambaton Asabe da Ummi. Kai kuma ya ce Allah ya taimake shi da ya aike ka sayen burodi, ya faɗa ya fi a ƙirga." Ya share fuska da tafin hannu. "Muna hango ƙarfen sabis na garin nan ya cika. Bai kai ba, ɗan'uwa. Mun yi masa salla, wallahi mun yi masa."

Ya ɗingisa ya kai ni bayan gari, inda aka jera duwatsu a kan tudun yashi. Ya nuna min ɗaya. Na zauna a wurin da jakar magani a cinyata. Tun kafin in fara taka ƙofar Hajja yana kwance a nan.

Na ari waya na kira Kawu Sale. Ya yi salati ya daɗe, sannan ya ce kada in gaya wa kowa. Inna tana da hawan jini, kuma irin wannan magana ba a yin ta a waya, sai manya sun zauna. "Ka iso tukuna." Isowar kuwa ba a hannuna take ba. Na yi jiran mota a Asamaka, na yi a Arlit, na yi a Agadez, wata ya mutu wani ya kama. Duk wannan lokaci a gida cewa ake muna hanya.

Kawu da limamin unguwarsu Yaya suka tare ni a tasha. Muka shiga keke mai ƙafa uku zuwa Wunti. Garin yana nan yadda na bar shi, hayaniyar da na yi ta mafarki, amma ranar ji na yi kamar a kaina ake buga ta. Tun daga bakin lungu na jiyo ƙamshin masa da miyar taushe. Asabe ta ji labarin ina isowa yau, kuma a wurinta in na iso, mun iso.

Ta fito da gudu da sabuwar atamfa, Ummi a bayanta an yi mata kitso. "Maigida ƙarami! Oyoyo!" Ta leƙa bayana. Ta leƙa cikin keken. Sannan ta ga liman, ta ga Kawu ya cire hula yana murzawa. Ta sulale a jikin ƙofa.

Bayan an yi kukan da za a yi, mata sun cika tsakar gida, ta sa aka kira liman bakin ɗaki. Muryarta ta dushe. Ta ce, "Malam, yau zan fara takaba, ko sai gobe?"

Liman ya tambaye ni watan da abin ya faru, na faɗa. Ya lissafa da yatsunsa, ya sake lissafawa. Ya sunkuyar da kai.

"Asabe, takaba daga ranar rasuwa take farawa, ko mace ta sani ko ba ta sani ba. Wata huɗu da kwana goma. Taki ta riga ta cika."

Ta ɗaga hannuwanta tana kallo. Lalle ne ja wur har wuyan hannu, da zanen fulawa a bayan yatsu, na tarbar miji.

"Ko kwana ɗaya ba a bar min ba, Malam?"

Ta tashi ta shige banɗaki ta ja ƙofa. Har muka yi sallama da mutane ba ta fito ba, muna zaune a zaure muna jin ƙarar dutsen goge kaushi a kan tafin hannunta.